Daga Rumfata: Kafin Ka Jefar da Amfilifayarka

Makon jiya amfilifayar gidana a nan Madekali ta kama gurnani, ko karatun Alƙur'ani ba a ji sosai. Uwargida ta ce a sayo sabuwa a kasuwar Malanbil. To, tun da aka rufe gadar Gaya a 2023 ciniki ya ja baya, ina kuɗin sabuwa?

Sai na kai wa mai gyara. Yana buɗewa ya nuna mini kwandansa biyu da suka kumbura, ya ce zafin garin nan ne ke busar da ruwan cikinsu. Ya narka dalma ya canza su, murya ta fito tas.

In taka ta yi haka, ka tsaya a gwada lambobin sabuwar kwandansa da na tsohuwar. Lambar µF ta zo daidai. Ta bolt kada ta gaza, in ta ɗara ba laifi. Ka nemi mai 105°C, ta fi mai 85°C jure zafi. Kuma a hana yara sa hannu ciki, don kwandansa tana riƙe wuta ko an zare waya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.