Tura hannun dama ka bi dama: Dabarar tuƙin babur da ba a koya wa sabon mahayi

Duk ƙarshen shekara, idan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara gangamin wayar da kai saboda yawaitar tafiye-tafiye, saƙon da ake kai wa masu babura kusan ɗaya ne: a sa hular kwano, a rage gudu, a daina goya mutum uku ko huɗu.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ba kasafai ake jin ana magana a kan abin da mai babur zai yi da hannuwansa ba a daidai lokacin da mota ta faɗo masa daga lungu, ko akuya ta tsallako titi, ko ya hangi rami a gabansa alhali birki ba zai tsayar da shi ba.

A wannan lokacin abin da ya rage masa shi ne ya kauce. Kuma a nan ne wani abin mamaki yake: yawancin masu tuƙa babur, har da waɗanda suka shekara ashirin a kai, ba za su iya faɗar yadda suke shan kwana daidai ba.

Yadda babur ke juyawa

Idan aka tambayi mai babur yadda yake bin dama, amsar ba ta wuce biyu. Ko ya ce yana juya kan babur zuwa dama, ko ya ce da jikinsa yake kwanciya.

Abin da ke faruwa a zahiri daban ne. Da zarar babur ya wuce saurin mai sassarfa, ba ya shan kwana sai ya karkata, kuma hanya mafi sauri ta karkatar da shi ita ce a tura hannun ɓangaren da ake son bi gaba kaɗan. Mai son bin dama zai tura hannun dama. Wannan turin yana sa tayar gaba ta ɗan kalli hagu na ɗan ƙanƙanin lokaci, tayoyin su zame daga ƙarƙashin nauyin babur zuwa hagu, sai babur ɗin ya kwanta dama. Daga nan tayar gaba ta dawo da kanta ta bi kwanar.

Wato don a bi dama, sai an fara juya kai hagu. Da Hausa za a iya kiran wannan juyin baibai.

Yaron da ya taɓa ɗora sanda a tsaye a tafin hannunsa ya san sirrin. Idan yana son sandar ta karkata dama, hannunsa yake ja zuwa hagu. Tayoyin babur su ne tafin hannun, babur da mahayinsa su ne sandar.

Ba sabon ilimi ba ne. Wilbur Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu da suka tashi jirgin sama a Amurka a 1903, mai shagon kekuna ne kafin nan. Ya rubuta cewa ya tambayi mahaya keke da dama yadda suke juyawa, bai samu ko ɗaya da ya ba da cikakkiyar amsa a tambayar farko ba.

Masu cewa da jiki ake juyawa ma an gwada maganarsu. Keith Code, wanda ya kafa makarantar koyar da tseren babura a jihar Kalifoniya a 1980, ya sa an ƙera wa wani babur kai na biyu wanda aka ɗaure a jikin babur ɗin, ba ya motsa tayar gaba. Wanda ya riƙe wannan kan sai ya yi ta kwanciya da jiki, babur na ɗan karkacewa a hankali, amma ba yadda za a sha kwana ko a kauce wa wani abu ba.

To idan kowa na yi, me ya sa za a koyar?

Wannan ita ce hujjar masu ganin ɓata lokaci ne, kuma ba hujjar banza ba ce. Duk wanda ya iya keke yana juyin baibai tun yana yaro ba tare da ya sani ba. Wasu masu koyarwa na ganin idan aka ce wa sabon mahayi ya juya hagu don ya bi dama, an rikita shi ne kawai. Yana fama da kuloci da giya da totur, ga kuma wata magana mai kama da tatsuniya. Akwai kuma fargabar ya tura da ƙarfin da ya wuce kima ya sha ƙasa.

Matsalar wannan hujja ita ce tana aiki ne a ranar da komai ke tafiya lafiya. Jiki na yin abin da ya saba muddin hankali a kwance yake. Idan tsoro ya zo, hannuwa kan sandare, ido ya kafe a kan abin da ake gudu, mutum ya yi ƙoƙarin murɗa kan babur nesa da haɗarin kamar mai riƙe da sitiyarin mota. Wanda ya murɗa kai hagu da ƙarfi don ya tsere wa motar da ke damansa, babur zai kwanta dama, ya kai shi inda yake gudu.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi a wannan fanni shi ne wanda Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya jagoranta, aka wallafa a 1981. An bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles. An gano cewa a yawancinsu mai babur na da ƙasa da daƙiƙa 2 ya yi duk abin da zai yi. An ga mahayan na danne birkin baya har taya ta ja, suna yi wa birkin gaba sako-sako, sannan iya juyin baibai don kaucewa kusan babu shi gaba ɗaya. Kashi 92 cikin 100 na waɗanda haɗarin ya rutsa da su, da kansu suka koyi tuƙi ko a hannun dangi da abokai.

Daƙiƙa 2 ba wani lokaci ba ne. Babur mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Babu sararin tunani. Abin da hannu ya riga ya koya shi zai yi.

Shi ya sa a Amurka kwas ɗin sabbin mahaya na gidauniyar MSF ya sa turin hannu cikin matakan shan kwana: a rage gudu, a kalli inda za a bi, a tura hannu, a ƙara totur a hankali. A Birtaniya kuwa, tun 2009 jarrabawar lasisin babur ta ƙunshi kauce wa shinge a gudun da bai gaza kilomita 50 a awa ba.

A nan gida

Binciken na Los Angeles ya haura shekara 40, kuma titunan can ba irin na Kano ko Gusau ko Maraɗi ba ne. Amma adadin nan na kashi 92 ba zai ba kowa mamaki a ƙasar Hausa ba. Yaro na koyon babur ne a filin ƙwallo ko bayan gari, yayansa ko abokinsa na gudu a gefe. Ran da ya iya tashi da tsayawa ba tare da mashin ya mutu ba, an ce ya iya. Bayan mako guda yana iya fara ɗaukar fasinja.

Baburan da suka cika hanyoyin, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, marasa nauyi ne, kilo ɗari da 'yan kai. A kan irinsu motsin jiki na ɗan tasiri, abin da ke ƙara sa mahayi ya yarda cewa da ƙugunsa yake juyawa. Idan aka ɗora buhun masara biyu ko aka goya mutum biyu, lissafin ya canja, sai hannu ya yi aikin sosai. Wanda kuma ya zaunar da yaro a kan tanki, ko ya rataya jarkoki a kan babur, ya takure abin da zai cece shi.

Akwai wani abin da ya keɓanta da biranen Arewa. Bayan da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, matasa da yawa sun koma A Daidaita Sahu. Mai ƙafa uku ba ya karkata, don haka kai tsaye ake juya shi: dama don dama, hagu don hagu. Mutumin da ya yini yana jan A Daidaita Sahu, da dare ya hau babur zuwa gida, hannuwansa na ɗauke da ɗabi'u biyu masu karo da juna, kuma da wuya a ce wani ya taɓa faɗa masa haka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, yankin Afirka ne kan gaba. Juyin baibai kaɗai ba zai sauke wannan adadi ba. Ba ya gyara sudaddiyar taya, ba ya share yashin da ya kwanta a kwana, kuma wanda ya haɗa shi da danne birki a lokaci guda zai iya faɗuwa. Ana raba su ne: a taka birki sannan a saki a kauce, ko a kauce sannan a taka.

Amma idan aka auna, hujjar koyarwa ta fi nauyi. Masu adawa sun yi gaskiya a kan lokaci da salon bayani: bai kamata a fara da shi a ranar farko ba, kuma ba a buƙatar lacca kan kimiyya. Jimla ɗaya ta isa, tura dama ka bi dama, sai a maimaita a fili har hannu ya saba.

Lokacin da aka fara tilasta sa hular kwano a ranar 1 ga Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa a Kano suna kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai, saboda hular kuɗi ce. Wannan darasin ba ya buƙatar sayen komai. Ƙungiyoyin masu babura irin su ACOMORAN na da rassa da shugabanni a tashoshi, kuma sabon shiga sai ya bi ta hannunsu kafin ya samu layi. Abin da ake buƙata shi ne fili mai tsawon mita 100 wanda babu yashi, da robobin ruwa kamar shida a jera, da wanda ya iya ya tsaya a gefe yana ɗaga hannun dama ko na hagu idan mai koyo ya taho.