Wasan Harhaɗa Katako a Mamudo: Fa'idodi da Illoli

Kafinta ba ya rasa guntayen filawud a ƙarƙashin teburinsa, kuma a Mamudo, kamar sauran garuruwan da ke kan hanyar Potiskum zuwa Damaturu, yawanci murhu ne makomarsu. Akwai kuwa wani ƙaramin injin zarto mai siririn baki, wanda ke hawa da sauka ta tsakiyar faifan ƙarfe, da zai iya mayar da su kayan karatu. A zana hoto a jikin katako, a yayyanka shi gutsi-gutsi da lanƙwasa, yaro ya zauna ya mayar da kowane yanki gurbinsa. A Landan aka fara wannan a shekarun 1760, inda John Spilsbury ya riƙa manna taswira a katako yana yanke ƙasashe bisa iyakokinsu.

Babbar fa'idar tana nan. Jihar Yobe ƙananan hukumomi 17 gare ta. Yaron da ya ɗauki Potiskum da hannunsa ya nema mata wuri kusa da Nangere da Fika, ba zai manta ba, ko da ya manta abin da malam ya rubuta a allo. Haka baƙaƙen boko da na Larabci, haka lambobi. Kayan roba da ake shigowa da su daga Sin ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba, kafintan gida ne kaɗai zai yanka su. Garin Mamudo, wanda wani hari ya girgiza makarantarsa ranar 6 ga Yuli, 2013, ya cancanci duk abin da zai sa yaro ya so zaman aji.

Aikin kuma ba ya cin ƙarfi. A zaune ake yi, don haka mace a cikin gida ko mai lalurar ƙafa zai iya koya.

Sai dai injin wuta yake ci. In babu ta, janareta ne, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 lissafin ya canza. Bakin zarton yana saurin karyewa, ba kuma kowane shagon kayan gini ke ajiye shi ba. Ga kasuwa: magidancin da ke auna kuɗin cefane ba zai fara da abin wasa ba, sai dai makarantu masu zaman kansu. A ganina sana'a ce ta ƙari a shagon kafinta, ba wadda za a jingina gida a kanta ba.

Mutane sun fi tsoron yankewar yatsa, alhali ƙura ta fi ɓarna. Garin katako yana shiga huhu a hankali, kuma tun 1995 masu binciken cutar daji na duniya suka sa shi cikin abubuwan da ke haddasa ta. Takunkumin fuska ba ado ba ne. Fenti ma haka: wani yana ɗauke da dalma, ƙaramin yaro kuwa komai baki yake kaiwa, kuma ɗan ƙasa da shekara 3 zai iya shaƙewa da ƙaramin yanki.

Wasu iyaye ba sa son siffar mai rai a gida, to taswira, tirela da baƙaƙe sun wadatar. Aya kam kada a kuskura a yanka ta gutsi-gutsi, domin guntayen a ƙasa suke kwana, ƙafa tana bi ta kansu.