Ɗiga Mai A Hanci Ba Maganin Sabuwar Mura Ba Ne

Kowace shekara da zarar hunturu ya kama, sai ofisoshi da makarantu su cika da tari da atishawa, ka ga akawu da alƙalami a hannu guda, hankici a ɗaya hannun. A irin wannan lokaci ne masu tallar magani ke cin kasuwa, kuma cikin abin da ake yabawa yanzu a wayoyin hannu har da wani mai na ƙasar Indiya da ake ɗigawa a hanci, wai yana kashe mura nan take. A ganinmu man nan yana da amfani, amma amfaninsa daban yake da abin da ake tallarsa da shi.

Wannan al'ada sunanta Nasya, kuma tana ɗaya daga cikin hanyoyi 5 na tsabtace jiki a cikin Ayurbeda, watau ilmin likitancin Indiyawa na tun zamanin da. Manyan malamansu, su Caraka da Sushuruta da Bagbata, duk sun yi bayaninta, domin sun ɗauki hanci a kan hanyar da magani ke bi ya isa cikin kai. Man da ya fi shahara ana ce masa Anu Taila, man riɗi ne da aka dafa da saiwoyi da nonon akuya. Akan shafe wa majiyyaci fuska da mai, a yi masa sirace, ya kwanta rigingine, a ɗan sunkuyar da kansa baya, sa'an nan a ɗiga masa mai mai ɗumi. Abin da ya gangaro maƙogwaro tofar da shi ake yi, ba a haɗiyewa. Akwai kuma ƙaramar hanya ta yau da kullum, ɗigo 2 kawai a kowace kafar hanci.

To, ga abin da masu talla ba su faɗi ba. Littattafan nan da kansu sun hana a yi wa mai sabuwar mura babbar Nasya. Haka kuma mace mai ciki, da wanda ya gama cin abinci ke nan, da yaron da bai kai shekara 7 ba, da tsohon da ya wuce 80. Wanda ya sayar maka da kwalba ya ce ka ɗiga ran da majina ta fara zuba, lalle ya saɓa wa malaman da yake fakewa da sunansu.

Likitocin zamani kuwa sun tabbatar ƙwayar cuta ce ke kawo mura, kuma yawanci takan tafi da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Ko da Ma'aikatar Ayush, wadda Gwamnatin Indiya ta kafa a 2014 don kula da magungunan gargajiya, ta ba jama'arta shawara a 2020, lokacin annobar korona, su riƙa shafa man riɗi ko na kwakwa ko man shanu a hanci safe da yamma, ba a nuna cewa mai yana kashe ƙwayar ba. Inda aka ga amfaninsa sosai shi ne wajen bushewar hanci. A 2001 likitoci a ƙasar Suwidin sun buga sakamakon gwajin man riɗi da ruwan gishiri a kan masu fama da bushewar hanci lokacin sanyi, man riɗi ya fi. Wannan ba zai ba mutumin Arewa mamaki ba, shi da hancinsa ke tsagewa har ya yi haɓo saboda iskar hunturu. Mu ma ai muna da namu, gama a 1979 wani masani a Ikko, A. Tella, ya buga sakamakon gwajin man kaɗanya a kan toshewar hanci, ya ga yana buɗe shi.

Amma fa akwai haɗari, kuma a nan ne muke so malaman makaranta su buɗe kunne, tun da su iyaye ke tambaya. Mai ba ya sa mutum tari sosai in ya kuskure hanya, saboda haka yakan sulale ya shiga huhu ba a sani ba, ya taru a can, ya haddasa ciwon huhu mai wuyar ganewa. Tun 1925 wani likita a Kanada, mai suna Laughlen, ya bayyana wannan cuta, kuma cikin waɗanda ya same ta a jikinsu har da yaran da aka ɗiga wa mai a hanci. Jarirai da tsofaffi su ne suka fi shiga wannan haɗari, balle in an ɗura musu suna kuka ko suna kwance za su yi barci.

Babban mutum mai lafiya, in hancinsa ya bushe, ya lakato ɗan mai mai tsabta da yatsa ya shafa a bakin kafar hanci, ba mu ga laifinsa ba. Ga toshewar hanci kuwa, wanke shi da ruwan gishiri ya fi sauƙi, muddin an tafasa ruwan an bar shi ya huce. In mura ta wuce kwana 10, ko ta zo da zazzaɓi mai zafi da ciwo a goshi da kumatu, ko kuwa gefen ido ya kumbura, to, mai yiwuwa ne kogunan ƙashin fuska sun kamu, sai a ajiye kwalba a tafi asibiti.