Irin gida ko na kanti? Abin da lambunan bayan ɗaki ke nunawa a yankin Bakolori

A ƙauyukan Maradun irin su Tsibiri, da na Bakura da Talata Mafara, ba abin mamaki ba ne a tarar da busasshiyar kuɓewa a rataye saman murhu, hayaƙi ya baƙanta ta. Ba ta miya ba ce, irin baɗi ne. Kusa da ita akan samu gora cike da 'ya'yan alayyafo ko gurguzun yakuwa da aka cakuɗa da toka, sai kyanwar gida da ke gadin kayan daga ɓeraye ba tare da an ɗauke ta aiki ba.

An daɗe ana kallon wannan a matsayin al'adar tsofaffi da za ta shuɗe. Sai dai tsadar rayuwa da rashin tsaro sun sa ta zama abin dogaro ga gidaje da dama.

Me ya sauya?

An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sokoto a shekarar 1978, da nufin ban-ruwa ga kimanin hekta 23,000. Tun daga lokacin noman rani ya zama sana'ar yankin, kuma tare da shi aka saba da sayen iri a kasuwa, musamman na tumatir, tattasai, kabeji da kankana.

Yawancin ingantaccen irin kayan lambu daga ƙasashen waje ake shigo da shi, don haka farashinsa na bin dala. A watan Yunin 2023 gwamnatin tarayya ta saki naira ta nema wa kanta daraja. Dalar da ake canzawa kan kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuma ya ƙara kuɗin kunna injin ban-ruwa da na dakon kaya.

Ga kuma matsalar 'yan bindiga, wadda ta hana manoma da yawa zuwa gonakin da ke nesa da gari. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, gwamnatin Bello Matawalle kuma ta dakatar da kasuwannin mako-mako. Duk manomin da irinsa ke hannun ɗan kasuwa ya ga illar dogaro da kanti a lokacin.

Idan gona ta gagara, abin da ya rage wa iyali shi ne ɗan filin da ke bayan ɗaki. A nan mata ke shuka kuɓewa, rama, lalo, kabewa da attarugu da ruwan wanke-wanke. Wannan lambun ba ya maye gurbin hatsi, amma yana raba gida da cefanen miya, kuma irinsa ba ya cin ko sisi.

Ba kowane iri ake ajiyewa ba

A nan ne manoma da dama ke yin asara. Irin da ake kira mai aure, wanda ke ɗauke da alamar F1 a jikin fakiti, ana samar da shi ne ta hanyar haɗa nau'i biyu daban. Shukar farko kan yi yabanya sosai, amma idan aka ɗebi iri daga 'ya'yanta, na baya sukan fito barkatai, wasu ƙanana, wasu marasa ƙwari. Dole duk shekara a koma kanti.

Nau'o'in da ba su da aure, kamar tumatirin Roma VF da UC82B, ko albasar Galmi da ta yi suna daga Jamhuriyar Nijar, su ne ke maimaita kamanninsu idan an kula.

Kulawar ma tana da ƙa'ida. Daga shuka mafi lafiya ake zaɓar iri, ba daga ragowar da aka rasa mai saye ba. Ana barin 'ya'yan tumatir cikin ruwansu kwana biyu zuwa uku, sannan a wanke a shanya a inuwa. Idan aka dasa tattasai kusa da barkono, ƙwari kan haɗa su aure, sai mai zaƙi ya fito da yaji. Irin albasa kuwa ba ya daɗewa, da ya wuce shekara sai tsirowarsa ta ragu.

Ita ma kyanwa amfaninta na tafe da sharaɗi. Tana rage ɓarnar ɓera, amma tana son tona ƙasa mai laushi ta yi kashi, kashinta kuma na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke da haɗari ga masu juna biyu. Shi ya sa ya dace a rufe wurin reno da ƙaya, a kuma wanke ganye sosai kafin a ci.

Irin gida ba ya maganin komai. Yana iya ɗauke da cuta daga shekara zuwa shekara, kuma tsutsar nan da manoma ke kira Sharon, wadda ta lalata gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, ba ta bambanta na gida da na kanti ba.

Ina hukumomi suka dosa?

Dokar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa ta 2019 ta mayar da hankali ne kan tantance irin da ake sayarwa da hukunta masu jabu. Dokar da Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a 2021 kuma ta ba masu ƙirƙirar sabon iri haƙƙin mallaka. Masu goyon baya na cewa hakan zai jawo masu zuba jari, wasu ƙungiyoyin fararen hula kuwa na fargabar zai taƙaita 'yancin manomi na ajiyewa da musayar iri.

Abin da bai samu irin wannan kulawa ba shi ne irin da ke cikin gorar. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa duniya ta rasa kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona a ƙarni na 20. Rikici na hanzarta hakan, domin idan aka ƙona ƙauye, rumbu da irin da aka gada kaka da kakanni na tafiya tare.

An ga misali a Siriya. Da yaƙi ya hana cibiyar binciken noma ta ICARDA amfani da rumbun irinta na Aleppo, sai ta karɓo kwafin da ta ajiye a rumbun Svalbard na ƙasar Norway a 2015, ta sake shukawa a Lebanon da Maroko. Ajiyar da aka yi a wuri na biyu ce ta cece ta.

Yankin Bakolori na iya yin kwatankwacin haka da kuɗi kaɗan. Hukumar Raya Kogunan Sokoto da Rima da malaman gona na jiha za su iya taimaka wa ƙungiyoyin manoma su tattara nau'o'in gida, su rubuta sunayensu da inda suka fito, su raba ajiyar a garuruwa biyu ko uku, sannan a aika da wani kaso rumbun iri na ƙasa da ke Ibadan.

Hausawa na cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya. A yanzu dai, mata ne ke riƙe da irin gobe a ƙauyukan nan, kuma kariyarsa ba ta wuce toka, hayaƙi da kyanwa ba.