Darasin Bishiyar Mepul Ga Masu Dashen Itatuwa

A shekarar 2013 masana tsirrai a Kanada suka tayar da jijiyar wuya cewa ganyen da ke jikin sabuwar takardar dala 20 ya fi kama da na mepul ɗin Turai, ba na ƙasarsu ba. Babban Bankin ƙasar ya musanta. Da farko na ɗauka rigimar masu ƙoshi ce, amma da na duba sai na ga suna da gaskiya.

Mepul ta gida, wadda ake tatsar sukari daga jikinta, ba ta bayar da ruwanta sai dare ya daskare, rana kuma ta narkar. Sai an dafa kusan lita 40 kafin a sami lita 1 ta zumarta, kuma lardin Kwebek ne ke samar da mafi yawan wadda duniya ke sha. Abin da ya fi burge ni shi ne saiwoyinta: cikin dare sukan jawo ruwa daga can ƙasa su sake shi a sama, ƙananan tsirrai na kusa su amfana.

Ita kuwa baƙuwar, an dasa ta a birane don tana jure hayaƙi da gishirin titi. Sai ta tsallaka daji, inuwarta ta danne 'yan gida, har jihar Massachusetts ta Amurka ta hana sayar da ita.

Shi ya sa nake tambayar hukumominmu: don me kowane bikin dashen itatuwa sai darbejiya, 'yar Indiya? Manoman Damagaram da Maraɗi gawo suka raina a gonakinsu, mai zubar da ganye da damina gero ya sha taki.