Kafin mu sake ƙirƙiro wata manhajar sayar da feshi

Kusan duk manhajar noma da na gwada a wayata hali ɗaya gare ta: ka ɗauki hoton ganye, ta gaya maka sunan ƙwaro, sannan ta tura ka shagon magani. A matsayina na mai rubuta manhaja ɗan Yauri, ina ganin mun kama hanyar da ba ta ɓullewa.

Gonakinmu na shinkafa da albasa, daga Shanga zuwa Ngaski, da yawansu a bakin ruwa suke. Abin da aka fesa yau, ruwan sama na iya wanke shi ya gangara tafkin Kainji, inda masuntanmu ke kamo kifin da muke ci. Ga tsadar maganin, ga shi ƙwari suna sabawa da shi a hankali.

Akwai wata hanyar, kuma ba daga nesa take ba. A Maradi, masu bincike na cibiyar INRAN da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, tare da ICRISAT, sun daɗe suna yaƙar murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar gero, da wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Kowa ya san yadda zanzaron ɗaki ke kai tsutsa cikin gininsa na laka. Wannan ma danginsa ne: macen tana harbin tsutsa ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Ana zuba gero da tsutsotsi da 'yan matan zanzaron a ƙananan buhuna, a rataye a kewayen gonaki, sabbin da suka fito su bazu da kansu.

Wani zai ce mu ba gero kaɗai muke nomawa ba. Gaskiya ne, kowane ƙwaro da nasa maƙiyin. Amma tsutsar masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016 ita ma tana da nata, Telenomus remus, mai lalata ƙwanta. Haka cibiyar IITA ta Ibadan ta karya lagon ƙwaron rogo a shekarun 1980.

To ina aikinmu a nan? Lokaci da haɗin kai. In an rataye buhu a makare, tsutsa ta gama ɓarna. In maƙwabci ya yi feshi a makon, ya kashe zanzaron kowa. Wannan matsala ce da waya ke iya warwarewa: zauren WhatsApp na ƙauye, saƙon murya da Hausa, hoton ranar da gero ya fara fitar da kai, taswirar inda aka fara ganin tsutsa.

Kiwon zanzaro aikin masana ne. Namu shi ne mu tara musu sahihin bayani daga gonakin iyayenmu, mu nemi jami'an gona na Kebbi su tuntuɓi Maradi. Damina mai zuwa, ka fara da gonar gidanku: hoto, kwanan wata, da wuri.