SHARHI: Hayaniyar ɗakin tiyata da maganar da ba ta isa kunnen likita

A watan Janairun 2026 ne Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano ta dakatar da ma'aikata uku, bayan rasuwar wata mata da aka bar almakashi a cikinta lokacin da aka yi mata tiyata a wani asibitin gwamnati. Jama'a sun yi tir, sun nemi a hukunta masu sakaci, kuma hakan ya dace. Sai dai akwai tambayar da ta shige ƙarƙashin fushin. Ƙa'idar aiki ita ce a ƙirga kayan tiyata da babbar murya kafin a fara, a sake ƙirgawa kafin a ɗinke. Idan almakashi ya kwana a cikin mutum, ko dai ba a yi ƙirgen ba, ko an yi ba a ji ba, ko kuma wani ya lura da giɓi ya haɗiye maganarsa.

Wannan matsala ta ji da faɗa ta fi tsanani a ɗakin aikin ƙashi. A ɗauki misalin matashi daga Beli, a Ƙaramar Hukumar Rogo, wanda ya murɗe gwiwa a filin ƙwallo ko ya faɗo daga babur, jijiyar da ke riƙe gwiwar ta ciki ta tsinke. Zai fara zuwa wajen mai ɗori, amma ɗori ba ya haɗa irin wannan jijiya. Kumburi zai saɓe, gwiwar ta ci gaba da zamewa duk lokacin da ya juya da kaya a ka. A ƙarshe iyalinsa za su sayar da buhunan masara ko ɗan bijimi, su yi tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Kano, galibi Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959. Irin wannan iyali ba su da ƙarfin biyan kuɗin aiki sau biyu.

Aikin kansa na lissafi ne. Likita zai ciro wata jijiya daga bayan cinya ko gaban gwiwa, a auna kaurinta, sannan ya huda ƙashin ƙwauri da na cinya ya zura ta a madadin wadda ta tsinke. Dole faɗin ramin ya yi daidai da kaurin jijiyar, kuma milimita ɗaya ce ke raba daidai da kuskure. Idan mataimaki ya ce takwas, nas ta ji tara, ta miƙa bakin injin da ya fi faɗi, dashen zai iya yin sako-sako. Akwai kuma ɗaurin da ake yi a cinya domin tsayar da jini, wanda ba a so ya wuce kimanin awa biyu, saboda haka sai wani ya riƙa sanar da lokaci. Duk wannan da baki ake yin sa, a bayan takunkumin da ya rufe leɓe, idon likita kuma yana kan allon da ke nuna cikin gwiwar.

A cikin wane yanayi? Injin huda ƙashi yana kuka, na'urar zuƙe ruwa tana gurnani, ta sa ido kan bugun zuciya tana ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara ta wuce desibel 35 a ɗakunan da ake jinyar marasa lafiya, amma binciken da aka wallafa a 2007 daga Asibitin Johns Hopkins na Amurka ya nuna cewa a aikin ƙashi ƙarar kan haura desibel 100 a kai a kai. Can ke nan, inda wuta ba ta ɗaukewa. A nan sai a ƙara da rurin janareta, da wayoyin da ke ringi a aljihu, da hirar da ba ta shafi aikin ba. Sau da yawa kuma allurar kashin baya ake yi wa majiyyaci, ƙafafunsa ne kawai suka mutu, yana jin duk abin da ake faɗa.

A ganina, shirun da ke cikin ɗakin ya fi hayaniyar haɗari. An rene mu a kan cewa ƙarami ba ya katse babba, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure. A ɗakin tiyata kuwa, nas ɗin da ta ga an shafa magani a gwiwar hagu alhali ta dama ce a takarda, ba ta da lokacin neman lafazin ladabi. Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba: wani bincike a Toronto ta Kanada a 2004 ya gano tangarɗa a kusan kashi 30 cikin 100 na maganganun aiki tsakanin ma'aikatan tiyata.

Maganin ba sabo ba ne, ba shi kuma da tsada. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tantancewa mai tambayoyi 19: kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar da sunan majiyyaci da gaɓar da za a yi wa aiki, a ƙirga kaya kafin a fita. Da aka gwada ta a asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a karkarar Tanzaniya, mace-macen bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Faɗin suna ba gaisuwa ba ce kawai. Wanda ya buɗe baki a farkon aiki ya fi samun ƙarfin halin sake buɗewa idan ya ga matsala. Tun 1981 ma aka hana matuƙan jiragen fasinja a Amurka duk wata hirar da ba ta aiki ba a lokacin tashi da sauka, kuma ana iya yin haka a lokacin huda ƙashi da lokacin ƙirge, tare da wajabta wa wanda aka faɗa wa lamba ya maimaita ta.

Dakatar da mutum uku bai amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya rage wa Hukumar shi ne ta bayyana wa jama'a asibitoci nawa ne a ƙarƙashinta ke karanta wannan takarda da murya, ba cike ta da biro bayan an gama aiki ba, wane ne ke zagayawa yana dubawa, kuma wace kariya aka tanadar wa ƙaramin ma'aikacin da ya tsayar da babban likita a tsakiyar aiki.